Tarihin Tafintan Kwamfuta da Yadda A Ke Sakinsa ga Jama'a

Kwamfuta, duk da saurin lissafinta, ba ta jin maganar ɗan Adam. Abin da ta ke ji kurum shi ne dogon jerin alamu iri biyu, sifiri da ɗaya, wanda rubuta shi da hannu wahala ce mai yawa, ga kuma saurin kuskure. Saboda haka masana suka shirya waɗansu harsuna na musamman, masu kama da lissafi gauraye da Turanci, don mutum ya riƙa rubuta umurninsa da su. Sa'an nan suka ƙago wata manhaja, watau tsarin umurni mai aiki a cikin kwamfuta, wadda ke karanta abin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ji. Turawa suna ce mata kompaila. Mu a nan za mu kira ta tafinta, gama aikinsu ɗaya ne. Na farko da ya yi suna a duniya shi ne na harshen Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a ƙasar Amurka cikin 1957.

Duk wanda ya taɓa zama wurin shari'a inda a ke fassara ya san nauyin da ke kan tafinta. In ya karkatar da magana ɗaya, sai a yanke hukunci bisa abin da ba wanda ya faɗa. To, na kwamfuta ya fi haka hatsari, domin tafinta guda a ke kwafa a rarraba wa dubban mutane, kowa ya fassara aikinsa da shi. In da aibi a cikinsa, aibin zai bi ya shiga ayyukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Don haka tambayar nan ta ke da nauyi ƙwarai: yaushe za a ce tafinta ya nuna har a sake shi ga jama'a, kuma wa ke da ikon faɗin haka? Tarihin wani tafinta da a ke kira GCC ya nuna yadda masu aikinsa suka yi shekara goma sha huɗu suna neman amsar wannan tambaya, da irin asarar da suka yi kafin su same ta.

Asalin Aikin

A wajejen 1980 tafinta haja ce ta kamfani. Ka saya da tsada, a ba ka shi a kulle, ba ka ganin asalin rubutun da aka gina shi da shi, balle ka gyara inda ya karkace. Wani masani mai suna Richard Stallman, wanda ke aiki a babbar makarantar fasaha ta MIT kusa da birnin Boston, ya ga wannan hali bai dace ba. Cikin watan Satumba na 1983 ya yi shela cewa zai gina cikakken tsarin manhaja wanda kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya ba wani. Ya sa wa aikin suna GNU. Farkon 1984 ya ajiye aikinsa na makaranta, cikin 1985 kuma ya kafa wata ƙungiya, Gidauniyar Manhaja Mai 'Yanci, wadda a taƙaice a ke ce wa FSF, don ta riƙe amanar aikin.

Stallman ya san ba abin da zai ginu sai da tafinta, kamar yadda maƙeri ba ya fara ƙira sai ya tanadi uwar maƙera. Ya nemi wanda zai ara bai dace ba, sai ya zauna ya rubuta nasa, tare da taimakon wani mai suna Len Tower. Ran 22 ga Maris 1987 aka saki GCC ga jama'a karo na farko. A lokacin harshe ɗaya ya ke fassarawa, watau harshen C. Kafin ƙarshen wannan shekara wani saurayi, Michael Tiemann, ya ƙara masa harshen C++. Cikin 1989 aka tattara sharuɗɗan rarrabawa cikin takardar lasin guda, mai suna GPL. Ga abin da ta ƙunsa: kowa na da iko ya yi aiki da manhajar, ya sāke ta yadda ya ga dama, amma in zai ba wani abin da ya sāke, dole ya haɗa masa da asalin rubutun, bisa wannan sharaɗi ɗin dai.

Abu ya karɓu nan da nan. Cikin 1989 Tiemann da abokansa biyu, John Gilmore da David Henkel-Wallace, suka buɗe kamfani mai suna Cygnus, sana'arsu ita ce gyara wa mutane GCC a biya su ladan aiki. Cikin 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara gina tsarin nan na Linux, kuma da GCC ya ke fassara shi. A wancan zamani duk mai amfani da Linux ya zama yana dogara da GCC, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abin da a ke nufi da bugu. Ka san littafi a kan yi masa bugu na ɗaya, in an gyara a yi na biyu. Haka manhaja ta ke. Masu aiki kullum suna cikin taɓa ta, yau a ƙara, gobe a rage, amma akwai ranar da a ke tsai da hannu a ce, ga wannan, mun gwada shi, mun yarda ku ɗauka. Sai a ba shi lamba. Lambar nan alkawari ce, domin in mutum a Jamus ya ce yana aiki da GCC 2.0, wanda aka fitar cikin Fabrairu 1992, ɗan'uwansa a Japan ya san ainihin abin da ke hannunsa.

Ƙofa ta Ƙuntata

Bayan bugu na 2.0 sai ragamar aikin ta koma hannun wani gwani, Richard Kenner, a madadin gidauniyar. Ita gidauniya abin da ta fi so shi ne kada a saki kome sai an tabbata ba ya da aibi, kuma tana da hujja, saboda dalilin da muka faɗa a farko. Amma hanyar da aka bi ta zama ƙunci. Duk wanda ya rubuta faci, watau ɗan gyaran da a ke liƙa wa manhaja, sai ya aika ya jira. Masu aikowa suna ta ƙaruwa, mai dubawa kuwa bai ƙaru ba. Aikin da a ke ciki ba kowa ke ganinsa ba, sai 'yan kaɗan da aka yarda da su. Aka fitar da bugu na 2.7 cikin Yuni 1995, daga nan ba a sāke yin wani babban bugu ba sai Janairu 1998, watau shekara biyu da rabi, in ban da ƙananan gyare-gyare.

Duniya kuwa ba ta tsaya jira ba. Kamfanin Intel ya riga ya fito da sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Pentium tun 1993, mutane suna son tafintan da ya san ta sosai. Harshen C++ yana ta bunƙasa. Da ya ke lasin ya ba kowa iko, sai kowa ya ɗauki kwafensa ya yi gaba. Masu son Pentium suka yi nasu, masu Linux suna da nasu facin, masu harshen Fortran suna nasu a gefe, kamfanin Cygnus ma yana da nasa. Sunan dai ɗaya, amma abin da ke ciki dabam dabam. Gyaran da aka yi a nan ba ya isa can, mutum biyu su yi ta wahala a kan aibi guda, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Tsananin tsaron ƙofa ya sa jama'a suka haura ta katanga.

Rabuwa da Sulhu

Ran 15 ga Agusta 1997 Henkel-Wallace ya yi sanarwa a madadin wata ƙungiya ta masu aikin, cewa za su buɗe sabon reshe mai suna EGCS, wanda a bakin Turawa ya ke fita kamar kalmarsu ta ƙwai. Ba su ce sun yi tawaye ba. Suka ce gwaji ne za su yi, su ga ko aiki a buɗe zai fi sauri ba tare da ya lalace ba. Suka tattaro rassan nan da suka warwatse suka haɗa wuri guda. Suka bar asalin rubutun a fili, kowa na iya ganin inda aka kwana. Suka ba mutane da yawa ikon shigar da faci, kowa a fannin da ya ƙware. Suna kuma fitar da kwafen gwaji a kai a kai, don masu ƙarfin hali su gwada su kawo rahoton aibi tun da wuri.

Bugunsu na farko ya fito ran 3 ga Disamba 1997. Daga nan zuwa Maris 1999 sun yi bugu bakwai, manya da ƙanana. Masu haɗa Linux suka fara komawa gare su. Cikin 1998 suka kafa kwamitin jagora, suka zuba mutane daga kamfanoni da makarantu dabam dabam, da nufin kada mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya mallake aikin. Wannan dabara ce mai kyau, gama da yawa daga cikin ma'aikatan na Cygnus ne, kuma da ba a yi haka ba da sai a ce kamfani ya ƙwace kayan jama'a.

Gidauniya ta duba ta ga gwajin ya ci. Cikin Afril 1999 ta tsai da nata reshen, ta miƙa wa kwamitin EGCS riƙon GCC gaba ɗaya. Harufan sunan ba su sāke ba, amma aka sāke ma'anarsu, daga tafintan harshen C zuwa tarin tafintocin GNU, domin yanzu harsunan sun yi yawa. Ran 31 ga Yuli 1999 aka fitar da GCC 2.95, bugu na farko bayan sulhu. Ba kasafai a kan ga rabuwa ta ƙare haka ba, a ce uwa ta bi 'yarta, gida kuma ya koma ɗaya.

Bugun da Ba Shi da Hatimi

Buɗe ƙofa ya warkar da cuta ɗaya, amma ya zo da tasa. Tun da kowa na ganin aikin da ba a gama ba, kowa na iya ɗaukarsa ya rarraba. Bayan 2.95 masu aikin suka duƙufa kan babban bugu na 3.0, suka sa wa abin da ke hannunsu lambar wucin gadi, 2.96. Aikin ya ja lokaci. Kamfanin Red Hat, wanda ke sayar da Linux, kuma ya riga ya saye Cygnus, yana bukatar tafintan da ya fi 2.95 sanin C++, wanda kuma ya san wata sabuwar ƙwaƙwalwa ta Intel. Sai ya ɗauki kwafen aikin da a ke ciki, ya yi masa nasa gyare-gyare, ya sa shi cikin Red Hat Linux 7 da ya fitar a Satumba 2000, da lambar nan ta 2.96.

Bisa lasin, kamfanin bai karya doka ba. Amma rikici ya tashi. Abin da aka fassara da wannan tafinta a harshen C++ ba ya haɗuwa da abin da aka fassara da 2.95, ba zai kuma haɗu da na 3.0 mai zuwa ba. Har ita zuciyar Linux ɗin sai da kamfanin ya ajiye mata wani tsohon tafinta dabam don fassara ta. Mutane suka riƙa kai ƙara wurin masu GCC a kan abin da ba su suka fitar ba. Ran 6 ga Oktoba 2000 kwamitin jagora ya fito da sanarwa cewa babu wani bugu nasu mai lamba 2.96, ba kuwa za a taɓa yinsa ba, suka kuma mai da lambar aikin da ke hannunsu 2.97 don a rarrabe.

Duk ma'aikacin ofis ya san bambancin takardar da a ke cikin tsarawa da wadda aka sa wa hannu aka buga mata hatimi. Kalmomin na iya zama kusan ɗaya, amma ta biyu ce kaɗai a ke kafa hujja da ita. Abin da ya faru a 2000 ya koya wa masu GCC cewa jinkirin bugu shi ke sa mabukaci ya ɗauki takarda tun ba ta sami hatimi ba. In ana so a hana haka, dole mutane su san ranar da za su sami na gaskiya.

Dokar Lokaci

GCC 3.0 ya fito ran 18 ga Yuni 2001, kusan shekara biyu bayan 2.95. Wanda ya riƙe aikin fitar da shi shi ne Mark Mitchell, da muƙamin wakilin fitarwa, watau mutumin da kwamiti ya ɗora wa nauyin ya ce a tsaya ko a saki. A wannan shekara aka amince da tsarin da ya kawo na raba aiki mataki uku, kowane wata biyu. A na farko a shigar da manyan sāke-sāke, a na biyu ƙanana, a na uku kuwa gyaran aibi kurum. Nufinsu a riƙa bugu duk wata shida.

Lissafin bai fita daidai ba. Gyaran aibi ya kan ci lokaci fiye da yadda aka yanka masa, sai bugu ya riƙa zuwa kamar sau ɗaya a shekara: 3.3 a Mayu 2003, 3.4 a Afril 2004, 4.0 a Afril 2005. Maimakon su matsa wa aiki ya bi takarda, sai suka gyara takarda ta bi aiki. Aka soke mataki na biyu, aka ƙara na huɗu a ƙarshe, shi ya sa mai duba tsarinsu zai ga ana tsallakewa daga na ɗaya zuwa na uku. Aka kuma raba nauyin wakilci tsakanin mutane da dama, irin su Joseph Myers da Jakub Jelinek da Richard Biener, don kada aiki ya sāke tsayawa a ƙofar mutum guda. Cikin 2015 aka sauƙaƙa lambobi. Tun daga GCC 5, kowace shekara babbar lamba ta kan ƙaru da ɗaya. Mai sifiri a baya, kamar 5.0, aikin da ba a gama ba ne, na jama'a kuwa daga 5.1 ya ke farawa. Da wannan aka toshe ramin da 2.96 ya faɗa.

Yadda Shekara Ta Ke Tafiya

Ga yadda aikin ya daidaita. Da an yi bugu wajen Afril ko Mayu, sai a buɗe mataki na ɗaya, kowa ya kawo sabon abin da ya ƙirƙira, a yi ta yi har tsakiyar Nuwamba. Daga nan a rufe ƙofar sababbin abubuwa, a shiga gyara har Janairu. Sa'an nan a ƙara ƙuntatawa, ba a karɓar kome sai gyaran koma baya da gyaran littafin bayani. Koma baya shi ne abin da tsohon bugu ke yi daidai, sabo ya zo ya ɓata. Wannan shi ne aibin da suka fi ƙi, domin mutumin da aikinsa ke tafiya lafiya bara bai kamata ya wayi gari bana ya ga ya rushe ba.

Kowane aibi da aka kawo rahotonsa a kan rubuta shi a rajista a ba shi daraja, daga ta ɗaya zuwa ta biyar. Wakilan fitarwa su kan riƙa ba da lissafi a fili, ga adadin da ya rage a kowace daraja. Ƙa'idarsu ita ce ba a yin bugu sai aibi mai daraja ta ɗaya ya koma sifiri, ko dai an gyara shi, ko wakilai sun duba sun ga bai kai ya tsai da jama'a ba, sun rage masa daraja a gaban kowa. Akwai kuma jerin na'urori da aka ware aka ce lalle ne tafinta ya yi aiki a kansu kafin a sake shi.

Wani gwaji nasu yana da ban sha'awa. Shi tafinta manhaja ne, shi ma sai an fassara shi. Sai a sa tsohon tafinta ya fassara sabo. Wannan sabon ya fassara kansa, abin da ya fito kuma ya sāke fassara kansa. A ɗauki na biyu da na uku a gwada. In sun bambanta, an san da ɓaraka a wani wuri. Ban da wannan akwai dubban ƙananan jarrabawa da aka tara shekara da shekaru, kuma al'adarsu ce wanda ya gyara aibi ya haɗo da jarrabawar da za ta kama shi in ya sāke dawowa.

In duk an wuce waɗannan, sai a yanke reshe na wannan bugu, a fitar da kwafen gwajin ƙarshe, a jira kamar mako guda ko wani zai ga abin da ya kuɓuce. In shiru, a sa masa hatimin sirri irin na lissafi, wanda kowa ke iya tabbatarwa da shi cewa ba a taɓa kayan a hanya ba, a sake shi. Shi kuma reshen ba a yar da shi. A kan ci gaba da yi masa gyaran aibi kimanin shekara uku. GCC 11.1 ya fito a Afril 2021, aka rufe reshensa da 11.5 a Yuli 2024. Haka aka bi, 12.1 a Mayu 2022, 13.1 a Afril 2023, 14.1 a Mayu 2024, 15.1 a Afril 2025. A wannan na 2025 har aka shigar da COBOL, tsohon harshen lissafin ofisoshi da bankuna wanda aka ƙago tun 1959.

Amfanin wannan tsari a bayyane ya ke. Mai faci ya san in bai kawo kayansa kafin Nuwamba ba sai baɗi, ba ya kuma zargin kowa. Kamfanin da ke haɗa Linux ya san watan da zai sami sabon tafinta, sai ya tsara nasa aiki a kai. Waɗansu ma sun fi haka sauri. Aikin LLVM, wanda aka fara a Jami'ar Illinois cikin 2000, wanda tafintansa Clang ya zama babban abokin gasar GCC, ya zaɓi bugu biyu a shekara. Kowa da tazarar da ya ga zai iya, amma duka biyu sun yarda cewa jama'a su san lokaci tun kafin ya zo.

In mai karatu ya waiwaya zai ga ba gwaninta ce ta yi wa masu GCC ƙaranci ba, gama tun 1987 gwanaye ne ke aikin. Abin da ya ba su wuya shi ne shirya yadda mutane masu yawa, waɗanda ba ubangida ɗaya ke biyansu ba, za su yarda da magana guda a kan ranar da aiki ya nuna. Da aka tsananta tsaro a hannun mutum ɗaya, jama'a suka watse. Da aka buɗe ba tare da sanannen lokaci ba, aka ɗauki ɗanye a matsayin dafaffe. Suka zauna lafiya sa'ad da suka bar ƙofar aiki a buɗe ga kowa, suka damƙa hatimi ga wakilai sanannu, suka rubuta ƙa'idar saki inda kowa zai karanta, suka kuma riƙe lokacinsu shekara bayan shekara. Duk wata ƙungiya da ke riƙe da kayan jama'a, ko ta ciniki ce ko ta karatu, za ta sami abin dubawa a cikin wannan tarihi.